Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A kudu maso yammacin birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, a kwarin kogin Senne da karkarar Pajottenland, akwai wata giya mai tsami da ake kira lambic. Musulmi ba ya kusantar giya, wannan kuwa ba abin jayayya ba ne. Amma abin da kasuwa ke yi wa wannan tsohuwar sana'a a yau ya shafi duk mai aikin hannu, domin ya nuna yadda kwaɗayin abin da ya yi ƙaranci yake kashe ɗanɗano, ya mayar da guminsa abin caca.

Sai mu fara da wahalar da ke cikin aikin. Ana dafa tsiron sha'ir tare da ɗanyar alkama, wadda ba ta gaza kashi 30 cikin ɗari na hatsin ba. Daga nan sai a juye ruwan da zafinsa cikin wani faffaɗan daro, a bar shi a buɗe ya kwana yana shan iska. Mai sana'ar ba ya zuba yisti da hannunsa. Ƙwayoyin halittar da ke yawo cikin iska da waɗanda suka zauna a jikin katakon ganguna su ne ke kama aikin. Saboda haka sai da sanyi ake dafawa, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, domin zafi na kawo ƙwayoyin da ke ɓata tukunya. Bayan nan a ɗura a gangunan katako, a jira shekara ɗaya, ko biyu, ko uku. Idan aka gauraya sabuwa da tsohuwa, aka toshe a kwalba ta ƙara tsima, ita ce gueuze. Masana ɗanɗanonta sukan ambaci tsamin lemo, da ƙanshin busasshiyar ciyawa, da na tsohon katako. Duk wannan ɗiyan haƙuri ne, kuma kuskuren dare guda yana iya rushe shi. A 2009 na'urar daidaita zafi ta lalace a ɗakin ajiyar gidan 3 Fonteinen, dubban kwalabe suka salwanta, saura ƙiris Armand Debelder ya rasa sana'arsa baki ɗaya.

To, wa ke cin ribar wannan haƙuri? Asalin lambic abin shan manoma da leburori ne, ana zuba ta daga tulu a ƙananan mashayun ƙauye. Yau kuwa ta faɗa hannun 'yan baranda. Mutum zai bi dogon layi ya sayi kwalba a farashin mai ita, ya fita ya saka ta a intanet da ninkin ba ninkin. Mai saye na biyu shi ma ba lallai ya buɗe ba. Sai ya ɗauki hoto, ya jera a kanta, yana jiran farashi ya ƙara tashi. Wanda ya buɗe ɗin ma, sau da yawa kurɓa ɗaya yake yi a tsakanin kwalabe goma sha, ya zaro waya ya ba da maki, ya wuce ta gaba. Harshen da ya sha tsami iri goma a zama guda ya riga ya mutu, hukuncinsa kuma hukuncin makaho ne a kasuwar rini. Abin da ya ɗauki shekara uku a ganga an yanke masa shari'a cikin daƙiƙa biyar.

Masu sana'ar ba su yi shiru ba. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900 a unguwar Anderlecht, yakan fitar da wata giya ta musamman mai suna Zwanze. Da Jean Van Roy ya ga ana sayar da kwalabenta a intanet da farashin rashin kunya, sai ya sauya tsari tun daga 2011: aka keɓe rana guda, ana buɗe gangunan a zaɓaɓɓun mashayu a ƙasashe daban-daban, wanda ya zo ya sha a wurin. Hikimar a fili take, domin abin da aka zuba a kofi ba ya ɓoyuwa a kanta.

Masu kare 'yan baranda suna da hujjarsu, kuma ba ta wofi ba ce. Sukan ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Beljiyam da kansu suka juya wa tsami baya, suka koma ga giyar da aka zuba wa zaƙi, gidajen lambic suka yi ta rufewa, har Cantillon ya buɗe gidan tarihi a 1978 don ya samu abin riƙe kai. Baƙi masu sha'awa, musamman daga Amurka, su suka taimaka wajen farfaɗo da kasuwar. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya ceci sana'ar shi ne wanda ya saya daga hannun mai ita, ya sha, ya dawo baɗi. Ribar ɗan baranda kuwa ko kwabo ba ya komawa ga mai ganga, ko ga manomin alkama. Abin da yake haifarwa shi ne ɗan ƙauyen da kakanninsa suka ƙirƙiro abin ya koma ɗan kallo a ƙofar gidansu.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyar Beljiyam cikin gadon ɗan Adam da ba a taɓa shi da hannu. A lura da kalmar: al'ada aka karrama, wato sanin aikin da zaman da ake yi a kansa. Al'ada kuwa ba ta rayuwa a kwalbar da aka kulle don jiran mai tayi. Duk mai iƙirarin son wannan sana'a, ma'auninsa ɗaya ne: ya ƙi sayen kwalba daga hannun wanda bai taɓa wanke ganga ba.