'Yan Daudu Da Tufafin Ɗan Galadima

A makon nan wani mai karanta wannan fili daga Sahuda, can bakin iyakar Kamaru a ƙasar Mubi, ya aiko yana tambaya ko mene ne ya haɗa 'yan daudu da bori, tun da kullum ba a ambaton ɗaya sai an ambaci ɗayan. Mutane da yawa sukan kau da kai daga irin wannan tambaya, amma tana da amsa, kuma amsar tana cikin tarihinmu.

Masu bori sun ce iskoki suna da birninsu, watau Jangare, suna da sarki da fadawa kamar na mutane. Akwai Sarkin Aljan Sulaiman, da Inna, da Malam Alhaji, da Kuturu, da Sarkin Rafi. A cikinsu akwai Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai son ado da turare da caca, mai kyauta ba ya waiwaye. Daudu kirari ne na Galadima, shi ya sa masu bincike da yawa suke ganin daga nan sunan 'yan daudu ya samo asali.

Duk wanda ya taɓa ganin wasan bori ya san akwai fasaha a cikinsa. Kowane iska yana da taken da ake kaɗa masa da garaya ko goge, ana bi da buta ko ƙwarya, yana da kirarinsa, yana da irin tufafin da dokinsa ko goɗiyarsa za su sa in ya hau. A Kano da Katsina da Maraɗi 'yan daudu sukan halarci irin wannan taro, su yi rawa, su yi kari, su dafa abincin biki. Sun kuma yi suna wajen habaici da karin magana, har ma wanda ba ya ƙaunarsu yakan tsaya ya saurara.

To, me suke nema a can? Amsar ita ce mafaka. Yaron da aka kora daga gidan ubansa saboda tafiyarsa ko muryarsa, in ya shiga birni yakan sami wani babba a cikinsu da zai kira uwa, ya koya masa tuƙa tuwo da suyar kaji a bakin tasha, ya sami abin rufin asiri. Girka kuwa, a wurin masu ita, magani ce: mai ciwon da ya gagara ake yi wa, in ya warke ya zama ɗan gida. Saboda haka wanda jama'a suka ƙi ya tarar da wurin da ake kiran sunansa da kirari, ba da zagi ba. Layar da ya rataya da rigar da ya ɗinka wa iskansa su ne garkuwarsa.

Baƙi sun riga mu rubuta wannan. Tremearne ya fitar da littafinsa a kan bori a 1914, bayan ya bi Hausawan Tunis da Tarabulus. Fremont Besmer ya rubuta na borin Kano a 1983, sa'an nan Rudolf Gaudio ya fitar da nasa a kan 'yan daudun Kano a 2009. A Kudu ma akwai misali. Rotimi Fani-Kayode, wanda aka haifa a Ikko a 1955, ya rasu a Landan a 1989, ya yi suna da hotunan da ya haɗa jikin namiji da kayan tsafin Yarbawa. Bai ɓoye cewa shi mai son maza ne ba, ya kuma nemi ƙarfin zuciya a al'adun kakanninsa yana baƙo a ƙasar wasu.

Zamani ya juya. Tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa hukumar Hisba a 2003, wasan bori a fili ya ja baya ƙwarai. A Janairun 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya. Masu garaya suna tsufa, take da kirari suna bin su kabari.

Ba ina kiran kowa zuwa ga bori ba ne, hukuncin malamai a kansa sananne ne. Abin da nake cewa biyu ne. Na farko, ya kamata jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato su ƙara himma wajen naɗar kiɗan nan da kirarin nan daga bakin masu shi, don kada jikokinmu su je Turai neman labarin gidansu. Na biyu, ɗan daudu ɗan wani ne, ƙanen wani ne. Jifa da duka a kan titi ba shari'a ba ce, zalunci ne, kuma wanda ya kori ɗansa bai gyara shi ba, ya dai miƙa shi ga duniya.

Mai tambaya daga Sahuda, ga abin da ya sawwaƙa. Allah ya ba mu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa.