Goron Dutse: Tsibiri a Tsakiyar Birni

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mai karatu zai yi mamaki idan aka ce gemun da ake nufi a nan na wasu tsibirai ne da ke can tsakiyar teku, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa su bi turba a cikin kurmi, ko su goya tukunyar iska su nutsa ƙarƙashin ruwa don kallon duwatsun murjani. Ina Kano ina teku? Amma a wurin masu ilmin halittu, tsibiri bai tsaya ga ƙasar da ruwa ya kewaye ba. Duk wani ɗan yanki da halittu ke rayuwa a cikinsa, wanda wani abu dabam da ba za su iya zama a cikinsa ba ya yi masa zobe, to tsibiri ne. A bisa wannan ma'auni, Goron Dutse da ke cikin ganuwar Kano tsibiri ne, kuma tekun da ya kewaye shi na gidaje ne da kwalta da siminti. Ra'ayin wannan maƙala shi ne lokaci ya yi da za a riƙe shi yadda tsibiran da suka san ciwon kansu ke riƙe nasu.

Yadda dutsen ya zama tsibiri

Goron Dutse da ɗan'uwansa Dala, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 534 daga doron teku, su ne tuddan da ake hangowa daga nesa a birnin Kano. Dukkansu suna sanye da hular marmara, wato jan dutsen nan mai yawan sinadarin ƙarfe. Marmara kan samu ne inda zafi da ruwan sama mai yawa suka daɗe suna wanke ƙasa, su tafi da abin da ke narkewa, su bar ƙarfe da alminiyam, waɗanda kan ƙeƙashe su yi tauri idan suka sha iska da rana. Saman waɗannan tuddai ragowar wata tsohuwar shimfiɗar ƙasa ce. Ruwa ya cinye abin da ke kewaye a tsawon zamunna masu nisa, ya bar inda hular ta fi ƙarfi. Wannan ƙarfen ne ya jawo maƙeran farko zuwa gindin Dala, inda masu binciken kufai suka samu alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7.

Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya hau Dala a shekarar 1851 ya zana hoton birnin, ya lura cewa gidaje sun cika wani sashe ne kawai na cikin ganuwa, saura kuwa gonaki ne da fili. A lokacin, tsuntsu ko ƙadangare ko irin ciyawa na iya tasowa daga dutsen ya bi gonaki har ya fita bayan gari. Yau gidaje sun malale wannan fili, sun wuce ganuwa da nisa, har sun fara hawa gangaren tuddan. Hanyar ta yanke.

Abin da yankewar ke haifarwa sananne ne. A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka wallafa nazarinsu game da halittun tsibirai, inda suka nuna cewa yawan jinsunan da tsibiri ke iya riƙewa ya danganta ne da abu biyu: girmansa, da nisansa daga inda sababbin halittu za su zo masa. Ƙaramin tsibiri yana ɗauke da 'yan tsirarun kowane jinsi, saboda haka fari ɗaya ko gobara ɗaya na iya share jinsi ƙaƙaf. Idan kuma yana nesa, babu mai zuwa ya maye gurbi. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne idan faɗin wuri ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, to kusan rabin jinsunansa za su ɓace sannu a hankali. Kowane gida da aka ƙara a gangaren Goron Dutse yana rage girman tsibirin, kowace sabuwar unguwa a bayan gari kuma tana ƙara masa nisa.

Darasin masu nutso

A 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan, mutanen Faransa, suka ƙera na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ya goya, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Daga nan ƙarƙashin teku ya buɗe ga kowa. Abin da ya fi jan mutane shi ne duwatsun murjani, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in jinsunan halittun teku na dogara da su. Murjani a ido dutse ne, alhali kuwa gini ne na wasu ƙananan dabbobi masu laushin jiki, waɗanda ke zaune tare da wata irin gansakuka a cikin naman jikinsu. Gansakukar na haɗa abinci da hasken rana, dabbar kuma na ba ta mafaka. Manyan dunƙulallun murjani kan ƙaru da wajen santimita ɗaya ne kacal a shekara. Don haka mai nutso guda da ya shuri murjani da takalminsa na ninƙaya, ko jirgi guda da ya jefa anga a kansa, na iya karya ginin shekaru masu yawa cikin ƙiftawar ido.

Tsibirin Bonaire da ke tekun Karebiyan ya gane haka da wuri. A 1979 ya mai da ruwan da ke kewaye da shi wurin kiyayewa, ya hana jefa anga a kan murjani, ya kafa maɗaurai na dindindin da jirage za su riƙa ɗaurewa. A 1992 ya sa wa kowane mai nutso kuɗin shiga dala 10 a shekara don biyan masu gadi da gyara. Binciken da John Dixon da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya nuna cewa ɓarna kan fara bayyana ne idan nutson da ake yi a wuri ɗaya ya wuce tsakanin 4,000 zuwa 6,000 a shekara. Ma'ana, kowane wuri yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma ana iya auna wannan iyaka. Inda aka yi sakaci kuwa an ga sakamako. Gaɓar Maya a ƙasar Tailan ta sha cunkoson jirage da baƙi har hukuma ta rufe ta a 2018, ba a sake buɗe ta ba sai a 2022, da sababbin sharuɗɗa.

Darasin turba

A tudu ma haka abin yake. A tsibiran Galapagos, inda Charles Darwin ya sauka a 1835, kuma aka mai da su gandun kiyayewa a 1959, baƙo ba ya shiga wuraren da aka keɓe sai da ja-gora mai lasisi, kuma ba ya sauka daga turbar da aka shata. Dalilin yana cikin yadda tsiro da ƙasa ke amsa taku. Masu nazarin wannan fanni sun gano cewa takun farko-farko su ne ke yin mafi yawan ɓarna: su ke karya tsiro, su danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga. Bayan nan, ƙarin taku a kan wannan layi ba ya ƙara ɓarna sosai. Saboda haka mutum dubu a kan turba ɗaya sun fi sauƙi a kan mutum ɗari da kowa ya bi inda ya ga dama.

Yadda aka shata turbar ma yana da muhimmanci. Hanyar da ta miƙe tsaye daga gindin tudu zuwa samansa kan zama magudana da zarar damina ta faɗi. Kano na samun ruwan sama da ya kai milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, musamman Agusta, kuma kamar da bakin ƙwarya yake zuba. Ruwan da ya samu irin wannan hanya yakan ƙara gudu, ya ƙwaƙule ta ta zama kwazazzabo. Turba mai kyau kan bi gefen tudu tana lanƙwasa, tana hawa kimanin mita 1 a kowace mita 10, da 'yan magudanai a gicciye masu kau da ruwa gefe. A tudu mai hular marmara lamarin ya fi tsanani, domin abin da ke ƙarƙashin hular ruɓaɓɓen dutse ne mai laushi. Idan kwazazzabo ko masu haƙar ƙasar gini suka rarake gindin, hular kan tsage ta ruguzo a dunƙule, gidajen da ke ƙasa kuwa su ne a bakin hanya. Nan batun ya wuce na ciyawa da ƙadangaru, ya zama na rayukan mutane.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ƙirga. Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero bai yi nisa da dutsen ba, ga kuma kwalejoji da makarantun sakandare a kewaye. Aikin ɗalibai na shekarar ƙarshe zai iya tattara sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye da ƙwari da ke kan dutsen, rani da damina, a riƙa maimaitawa kowace shekara a wurare guda da aka yi wa alama. A duba ko itatuwan da suka saba da tsandauri a ƙasar Kano, irin su geza da sabara da aduwa da magarya, suna haihuwa, ko kuwa darbejiya, wadda baƙuwa ce daga Indiya, da tumfafiya sun danne su. Ungulun da aka saba gani a mahautai ta ishi kowa misali: ba wanda ya ƙirga ta lokacin da take da yawa, sai ga shi a 2015 an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Na biyu, a shata iyaka a gindin dutsen, wadda gini da haƙar ƙasa da zubar da shara ba za su ƙetare ba, kuma a yi haka da hannun masu unguwanni da dagatai da Ƙaramar Hukumar Gwale. Na uku, a gina turba ɗaya tak da marmarar wurin, a toshe sauran hanyoyin da ƙaya da dashe, a kafa allunan bayani da Hausa, a boko da ajami. Na huɗu, a horar da samarin unguwa su zama ja-gora da masu gadi, abin da baƙi suka biya kuma ya tsaya a wurin.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce mutanen da ke fama da tsadar abinci da ƙarancin muhalli ina ruwansu da turbar yawo. Maganar tana da nauyi, kuma duk shirin da zai fara da korar talaka daga gidansa ba tare da madadi ba, bai cancanci goyon baya ba. Sai dai wanda ke gindin dutsen shi ne farkon wanda zaizayar ƙasa ke ci, shi ne kuma farkon mai cin moriyar ciyawar da ke riƙe gangaren. Tsibirin Chumbe da ke kusa da Zanzibar ya nuna hanya: tun da aka keɓe murjaninsa a 1994, tsofaffin masunta aka ɗauka suka zama masu gadi, kuɗin baƙi kuma ke ɗaukar nauyin kai 'yan makaranta su bi turbar kurmi su leƙa ƙarƙashin ruwa da idonsu.

Wani kuma zai ce akwai matattarar ruwan famfo a kan dutsen, bai dace a buɗe wa kowa ba. Ai mutane suna hawa ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Turba ɗaya mai ƙofa da mai gadi, wadda aka kauce da ita daga matattarar, ta fi tsaro a kan hanyoyi barkatai da ba mai lura da su.

Akwai kuma mai cewa Goron Dutse ba shi da murjani ko manyan kunkuru irin na Galapagos, wa zai zo? Baƙon da ya fi muhimmanci ba daga Turai zai zo ba. Yaron firamare ne na Mandawari ko Sani Mainagge wanda ake koya wa zaizayar ƙasa da sarƙar abinci a kan allo, alhali ga su a fili tafiyar 'yan mintoci daga ajinsu. Gani ya kori ji. Ban da haka, tun 2007 ganuwar Kano da Dala da kasuwar Kurmi da gidan Sarki ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman shiga kayan tarihin duniya. Mai zuwa ganin Dala ba zai ƙi ƙarasawa Goron Dutse ba idan akwai abin da aka tanadar masa.

Kammalawa

Tsibiran da aka ambata sun koyi abu uku, wasu da sauƙi wasu bayan hasara: kowane wuri yana da iyaka, a tattara ƙafa a hanya ɗaya, kuma a sa maƙwabtan wuri su ci moriyarsa. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar teku ko kuɗin waje. Murjanin da ya karye yana iya tsirowa idan an ba shi shekaru, amma hular marmarar da ta ruguzo ba ta komawa mazauninta. Kira ga sassan ilmin halittu da na labarin ƙasa a jami'o'in Kano shi ne su fara ƙirgar tun daga damina mai zuwa, domin da alƙaluma a hannu ake tunkarar hukuma. Allah ya sa a farga tun da sauran abin kiyayewa.