Kafin mu ƙera mutum-mutumi, mu leƙa asusun masu ƙera shi

Ranar da aka liƙa jerin furojet ɗin ajinmu a allon sanarwa, na tsaya na karanta tun daga sama har ƙasa. Mutum-mutumi mai bin layi. Mutum-mutumi mai kauce wa bango. Hannun ƙarfe mai ɗaukar kwalba. Fiye da rabinmu can muka nufa, kuma ni ma da farko can na nufa, don shi ne abin da ke sa 'yan kallo su yi tafi ranar difens. Abin da ya sauya mini ra'ayi ba lakca ba ce. Abokin ɗakina ne, ɗan sashen Akanta, wanda aka ba su aikin nazarin rahoton shekara na wani babban kamfani, ya zaɓi ABB, ya zo yana tambayata ma'anar kayan da suke sayarwa. Ni na yi masa bayanin inji, shi ya yi mini bayanin lamba. Muka kai ƙarfe biyun dare a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi.

Duk wanda ya taɓa buɗe fanel a wurin SIWES ya ga jajayen haruffan nan uku a jikin bireka ko kwantakta. Kamfanin yana da hedikwata a Zurik ta ƙasar Suwizalan, an kafa shi a 1988 da aka haɗe ASEA ta Suwidin da Brown Boveri. A 2024 ya yi cinikin kusan dala biliyan 33. In ka juya wannan zuwa naira a canjin dubu ɗaya da ɗari biyar, ka kusa taɓa kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025, wanda ya kai naira tiriliyan 54.99. Kamfani ɗaya ke nan fa.

Amma jimillar ba ita ta tsayar da ni ba, rabe-raben ne. A shekarar, sassa huɗu kamfanin ya raba kasuwancinsa. Na farko sashen kayan rarraba wuta: bireka, suwici, fanel, duk abin da ke kai lantarki daga layi zuwa inda ake buƙata ba tare da gobara ba. Shi kaɗai ya kawo sama da dala biliyan 15, kusan rabin cinikin gaba ɗaya. Na biyu sashen moto da na'urar daidaita gudunsa, abin da ke juya famfo da fanka da bel, kusan biliyan 8. Na uku sashen sarrafa manyan masana'antu irin su matatar mai, siminti, jiragen ruwa da ma'adinai, kusan biliyan 7. Mutum-mutumin da muke ta rububi a kai, haɗe da kayan sarrafa ƙananan injuna, shi ne na kashin baya: biliyan 3 da ɗoriya.

Sai abokina ya ce, "Bari ka ga riba, ai ciniki ba shi ne magana ba." Ya nuna mini layin ribar aiki, wato abin da ke saura kafin a cire haraji da kuɗin ruwa. A kowace dala ɗari ta ciniki, sashen bireka da fanel yana barin sama da dala 22. Sashen moto ya kusa 20. Sashen mutum-mutumi kuwa wajen 10 ne. Ma'ana, abin nan da muke rainawa a aji, wanda in lakcara ya fara zana shi a allo rabin aji ke latsa waya, shi ke ciyar da gidan. Ba a daɗe ba, a watan Oktoba na 2025, ABB ya sanar cewa zai sayar da reshensa na mutum-mutumi ga SoftBank na Japan a kan dala biliyan 5.4.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a kafteriya: in abin ba shi da amfani, me ya sa Japanawa za su zuba wannan uban kuɗi? Gaskiya ne. Reshen ya yi cinikin dala biliyan 2.3 a 2024, an yi masa farashin da ya haura ninki biyu na wannan, ke nan akwai masu ganin gobe a cikinsa. Kuma in za mu yi adalci, wani babban kaso na bunƙasar sashen wuta ya zo ne daga manyan rumbunan kwamfuta da ake ta ginawa a Amurka da Turai, ba daga irin kasuwarmu ba. Ban ce ilimin mutum-mutumi banza ne ba. Tambayata ita ce, wa zai biya ka a kansa tsakanin Gusau da Gummi? Mutum-mutumi yana shiga masana'antar da ta riga ta sami tsayayyiyar wuta, da motoci masu lafiya, da fanel da ba ya cin wuta. Shi ne rufin gini. Mu kuwa ko tubalin farko ba mu gama ɗorawa ba.

Ni ɗan Abare ne, a ƙaramar hukumar Anka. Wanda ya san sunan garin daga nesa, yawanci ta dalili ɗaya ya san shi. A 2010 ina da shekara bakwai lokacin da yara suka fara mutuwa a garinmu da Dareta da Yargalma ta Bukkuyum da sauran ƙauyuka. Zazzaɓi ake cewa, wasu su ce iska. Sai da likitocin MSF suka zo aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinari da ake kawowa gida. Yara sama da 400 suka rasu a yankin. Ina tuna yadda aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka kwashe, aka zubo sabuwa. Ƙanwata tana cikin waɗanda aka riƙa kaiwa Anka karɓar magani. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma karatu bai taɓa zauna mata ba kamar sauranmu, kuma a gida ba mu cika yin maganar ba.

Me ya kawo wannan cikin zancen asusun kamfani? Inji ne. Dutsen nan da injin niƙan hatsi aka riƙa niƙa shi, a bushe, a cikin gari, ƙura na tashi tana sauka a kan tabarma da kwanon abinci da hannun yaro mai rarrafe. A sashe na uku na ABB akwai reshen da ke hidimar ma'adinai. Suna ƙera wani ƙaton moto da ake naɗa shi a jikin tukunyar niƙa kanta, ba giya a tsakani, irin wanda ke aiki a mahaƙun tagulla na Chile da Peru. A irin waɗannan wurare da ruwa ake niƙa dutse, a rufe, mai kula da injin yana zaune a ɗaki gaban allo. Aiki ɗaya ne da wanda kawunnena suka yi: a mayar da dutse gari a ciro abin da ke ciki. Bambancin shi ne can an kashe kuɗi a kan yadda za a sarrafa injin, nan kuwa an tayar da shi an tsaya a kansa da hanci a buɗe.

Kada wani ya zaci ina jiran ABB ya zo Abare. Ba zai zo ba. A rahotonsa duniya kashi uku ce: Turai, nahiyar Amurka, sai kuma Asiya da Gabas ta Tsakiya da Afirka a dunƙule a layi ɗaya. Ko Afirka ba ta sami nata layin ba, balle Anka. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. To amma kowa a nan ya san yadda hanyar Anka take, kuma kamfanin da ke auna riba a kowace dala ɗari ba zai turo injiniya inda sai an yi addu'a kafin a hau mota ba. Giɓin da ke tsakanin ƙaton moton Chile da injin niƙan ƙauyenmu, in akwai mai cike shi, mai difloma ne da ya san garin, ya san yaren masu aikin, kuma ya iya haɗa kwantakta da rile ba tare da ya leƙa handawut ba.

Shi ya sa na sauya furojet. Abin da nake haɗawa yanzu ba ya burge kowa: ɗan fanel ne da ke hana injin niƙa tashi sai in ruwa na gudana a bututun da ke jiƙa dutsen. Ruwa ya tsaya, inji ya tsaya. Da na je gida hutu na zana wa kawuna a ƙasa, sai ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wanga abu naka da wace wuta za shi aiki? Injinmu na dizal ne. Kuma in dutse ya jiƙe, haƙoran injin cushewa sukai." Wallahi ban da amsa a ranar. Duk lissafina a kan moton lantarki na yi shi. Na dawo na sake zane, yanzu na'urar bututun mai take rufewa, batir da ɗan faifan sola ke riƙe ta. Maganar cushewar kuwa har yau ina kanta, don injin hatsi ba don dutse aka yi shi ba tun asali. Kuma na san ko na gama, ranar da abin ya rage wa mai inji gudun aiki, zai iya sa waya ya tsallake shi. Wannan ba matsalar da sansa ke warwarewa ba ce.

Ga ƙorafina a nan cikin gida. Shekara biyu muna karatun lantarki, sau nawa muka taɓa PLC da hannunmu? Wanda ke ɗakin gwaji a kulle yake a kabad, sai dai a nuna mana shi kamar kayan lefe. Na'urar daidaita gudun moto kuwa a wurin SIWES na fara ganinta, kuma wani bakanike da bai gama sakandare ba shi ya koya mini saita ta. Ga masana'antar siminti ta BUA a Kalambaina ta Sakkwato, ga injunan casar shinkafa daga Argungu zuwa Kano, ga rijiyoyin burtsatse masu sola a kusan kowace unguwa. Dukkansu moto ne da fanel da inbata, kuma dukkansu suna lalacewa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai, cikin kuɗin da ake kashewa a makon al'adu, a ware wani abu a sayi ko da inbata ɗaya ce da ƙaramin moto mai layi uku, a ajiye inda ɗalibi zai taɓa, ya ƙona fiyus, ya gyara. A kuma shirya zama ɗaya a zango tsakanin 'yan Injiniya da 'yan Akanta, a ɗauko rahoton kamfani ɗaya a karanta tare, ko na ABB ne, ko Siemens, ko BUA da Dangote da ke kusa da mu. Kyauta ake sauke su a intanet.

Saura mako shida difens. Wanda ya san inda zan sami bawul mai rufe mai na volt 12 a Gusau da sauƙin kuɗi, ya neme ni a ɗakin gwajin lantarki bayan la'asar.