Tsohon Gilashi, Sabon Farashi: Zazzaɓin Tayi a Gwanjon Intanet

Helios-44 gilashin kyamara ne da masana'antun Tarayyar Sobiyet suka ƙera miliyoyinsa, tun daga ƙarshen shekarun 1950 har bayan rugujewar tarayyar. Kwaikwayon Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, kuma galibi a jikin kyamarar Zenit yake zuwa, wadda ita ce kyamarar talaka a ƙasashen gurguzu. Ya daɗe yashe a kasuwannin tsofaffin kaya na Gabashin Turai, ana sallama shi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A yau kuwa, wanda ya leƙa gwanjon eBay zai tarar farashinsa ya ninka sau da dama, mutane daga nahiyoyi daban-daban suna ta kokawa a kansa kamar an ce daga shi babu wani. Gilashin dai shi ne na jiya, sai ma tsufa da ya ƙara yi. Abin da ya sauya shi ne masu saye da kuma irin kasuwar da suke haɗuwa a cikinta.

Adalci ne a fara da cewa wani ɓangare na tsadar nan yana da tushe. A shekarar 1987 kamfanin Canon ya fito da tsarin EOS, ya juya wa tsohon tsarinsa na FD baya. Gilasan FD suka zama marayu, domin tazarar da suke buƙata tsakaninsu da fim ba ta kai ta sababbin kyamarorin ba, saboda haka ba su zama a kansu sai da dabarar da ke rage kyan hoto. Sun shekara ashirin da ɗoriya a wannan hali, masu su suna neman kai da su. Sai kyamarori marasa madubi suka bayyana: Panasonic ya fito da G1 a 2008, Sony kuma ya biyo da A7 a 2013. Jikin waɗannan siriri ne, don haka da zoben haɗi na 'yan daloli ana iya ɗaura musu kusan kowane tsohon gilashi. Dare ɗaya abin da ke cikin kwandon shara ya koma kayan aiki.

Masana'antar fim ta ƙara wa wutar fetur. Kyamarorin zamani sun kai matuƙa wajen tsabtar hoto, har masu ɗaukar fim suka fara ƙosawa da ita, suna neman gilashin da zai tausasa fuska, ya bar haske ya ɗan yi ambaliya, ya murɗa bayan hoto kamar guguwa. Gilasan Canon K-35 na shekarun 1970, waɗanda aka ɗauki fim ɗin Aliens da su, suka yi tsadar da sai manyan kamfanonin haya ke iya mallakarsu, sai masu ƙaramin ƙarfi suka koma kan 'yan uwansu na FD. Zack Snyder ya ɗauki Army of the Dead na 2021 da tsohon Canon 50mm f/0.95 na farkon shekarun 1960. Greig Fraser kuma ya yi amfani da gilasan Sobiyet da kamfanin IronGlass ya sake wa gida a Dune: Part Two na 2024. Duk lokacin da irin wannan labari ya fita, washegari gwanjo ya ɗauki zafi.

Zuwa nan babu abin zargi. Kayan da aka daina ƙerawa, masu so suka yawaita, dole farashi ya tashi, kuma ba a ce wa mai kaya ya yi laifi don ya sayar a yadda kasuwa ta taya. Sai dai wannan bayani ya dace da K-35 wanda kaɗan aka yi, bai dace da Helios da ke jibge a ɗakunan ajiya daga Minsk zuwa Tashkent ba. Ragowar tsadar a cikin tsarin gwanjon kansa take ƙyanƙyashewa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau.

A gwanjon eBay, wanda aka kafa a 1995, mai tayi yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne a ɓoye, na'ura kuma ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan. Idan wani ya sa iyakarsa dala 100, abokin hamayyarsa ya tsaya a 70, na farkon zai ɗauki kayan a kan dala 71. Wannan ya yi kusa da tsarin da masanin tattalin arziki William Vickrey ya bayyana a 1961, wanda hikimarsa ita ce kowa ya faɗi gaskiyar darajar kayan a wurinsa sau ɗaya, ya tafi ya kwanta. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, ɗan Adam bai iya kwanciya ba. Saƙo zai shigo wayarsa cewa an wuce tayinsa, zuciya ta ɗebe shi, ya ƙara biyar, a sake wuce shi, ya ƙara goma. Kwana shida yana kallon hoton gilashin, har ya fara jin nasa ne, wani baƙo ne ke neman ƙwace masa. Daga nan ba gilashi yake saye ba kuma, gudun kunyar faɗuwa yake biya.

Ba zato ba ne wannan. A wani bincike da Young Han Lee da Ulrike Malmendier suka wallafa a 2011, sun bibiyi gwanjon wani wasan allo a eBay, suka gano cewa kashi 42 cikin ɗari na gwanjon sun ƙare a farashin da ya haura wanda ake sayar da kayan kai tsaye, a shafi ɗaya, a lokaci ɗaya. Idan haka ta faru ga sabon kaya mai sanannen farashi, ina ga gilashi mai shekara hamsin wanda ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai an haska shi da tocila? Tun a 1971 wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield suka lura cewa a gwanjon rijiyoyin mai, wanda ya yi nasara yawanci shi ne wanda ya fi kowa kuskuren ƙiyasi. Haka abin yake a nan. Mai nasara shi ne wanda ya fi yarda cewa babu fumfuna a cikin gilashin, babu hazo, manne bai saki ba, mai bai malala a kan ganyayyakin da ke tsuke haske ba. 'Yan kasuwar da ke jera alamar tarawa biyar a bayan kalmar yabo, sannan su ambaci “ɗan hazo” can ƙasa cikin ƙananan haruffa, sun san da wa suke magana.

Akwai kuma abin da ya fi zafin zuciya muni, wato tayin ƙarya. Mai kaya ya buɗe asusu na biyu, ko ya sa abokinsa, su riƙa tura farashi sama ba da niyyar saye ba, sai don su tatse iyakar da mai saye na gaskiya ya ɓoye. A tsarin da na'ura ke taya wa mutum, wannan ha'inci yana da sauƙi ƙwarai: wanda ya sa dala 100 da fatan biyan 71 zai wayi gari ya biya 99. Ba sabon abu ba ne. Malaman fiƙihu sun san shi da sunan najashi, haninsa kuma ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san ɗan kamashon da ke taya sa alhali ko kuɗin igiya babu a aljihunsa. A Amurka ma, shari'ar Kenneth Walton da abokansa, waɗanda a shekarar 2000 suka tura wani zanen bogi har ya haura dala 135,000 a eBay ta hanyar taya kayansu da kansu, ta nuna cewa intanet bai kawar da tsohuwar dabara ba, faffaɗan fili ya ba ta. Kamfanin ya haramta yin hakan a dokokinsa. Amma tun da ya ɓoye cikakkun sunayen masu tayi don kare su daga 'yan damfara, ya ƙara yi wa mai saye wuya ya gane cewa asusu guda ne ke bin kayan mutum guda kullum. Ga shi kuma la'adar kamfani daga farashin ƙarshe ake cire ta, kowa ya tura shi.

Abin mamaki, wanda aka fi tsine wa a wannan kasuwa shi ne mafi ƙarancin laifi: mai kwanton ɓauna, wanda ke yin shiru har saura daƙiƙa biyar a rufe, sannan ya jefa tayinsa sau ɗaya. Ana kiransa maƙetaci, amma shi ne ya fi kowa hankali. Bai ba mai tayin ƙarya lokacin lalubo iyakarsa ba, bai kuma tsokano mai zafin kai ba. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun nuna a 2002 cewa tsarin rufewa ne ke haifar da wannan hali: a eBay, inda agogo ke yanke gwanjo, tayin ƙarshen lokaci ya yi yawa, a gwanjon Amazon na wancan zamani kuwa, inda ake ƙara minti goma muddin ana ci gaba da tayi, bai kai haka ba. Wanda ke jin haushin kwanton ɓauna, da mai tsara kasuwa ya kamata ya yi faɗa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga wanda ya biya fiye da kima ba. Gwanjo ɗaya da mutum biyu suka yi wa hauka, ko wanda aka hura da tayin ƙarya, shi zai zama ma'auni gobe. Masu kaya ɗari za su gani, su ɗaga nasu. Sabon shiga ya zo ya ga farashin da ake nema, ya ɗauka shi ne farashin da ake sayarwa, alhali wasu kayan sun shekara a rataye ba wanda ya taya. Masu bidiyon YouTube su zo su yi wa gilashin kirari da “mai araha”, kafin mako ya zagayo sunan ya zama ƙarya. A ƙarshe wanda ke kwana a ciki shi ne ɗalibin koyon hoto da matashin mai shirya fim, waɗanda tun farko talauci ne ya kai su ga tsohon gilashi. Ga wanda ke taya da naira, tun bayan sakin darajarta a 2023, kowace dala biyar ta zafin zuciya kuɗin cefane ce, ban da jigila da kwastan, kuma mayar da gilashi mai fumfuna zuwa Japan ya fi gilashin tsada. Mai tara kayan tarihi da zai kulle shi a akwatin gilashi yana da 'yancin kuɗinsa. Sai dai a riƙa bambance kasuwarsa da ta ma'aikaci. Kyamarar Leica ta Oskar Barnack da aka sayar Yuro miliyan 14.4 a 2022 tarihi aka saya. Helios da aka ƙera miliyoyi ba ya cikin wannan sahu, ko da wane fim aka ɗauka da ɗan'uwansa.

Gyaran da ke hannun kamfanonin gwanjo ba mai wuya ba ne. Su nuna matsakaicin farashin da aka sayar da irin kayan a gefen akwatin tayi, maimakon ɓoye shi a bayan matattarar bincike, su tsananta a kan janye tayi, su kuma bayyana yawan asusun da suke rufewa saboda najashi. Ba su gaggauta ba, dalilin kuma a fili yake.

Taimakon da ya fara isowa daga wani ɓangare ya fito. Kamfanonin Sin irin su TTArtisan da Light Lens Lab sun shiga ƙera sababbin gilasai bisa tsoffin tsare-tsare, na farkon yana kwaikwayon Trioplan mai kumfar haske da Biotar mai murɗa bayan hoto, na biyun yana kwaikwayon tsoffin gilasan Leica. Masu tsattsauran ra'ayi suna cewa ba su da ruhin na asali, kuma mai yiwuwa akwai ɗan bambanci da ƙwararren ido zai gani. Amma suna zuwa a kwali, babu fumfuna, farashinsu a rubuce, kuma ba wanda zai tashi ƙarfe uku na dare don ya taya su.