Santsi da Taɓo: Laifin Wa Ya Fi Girma?

Jam'iyyar da aka gina a kan aƙida ba ta sanin rigimarta ta gaskiya sai ranar da ta ci zaɓe. Kafin mulki kowa ɗan gwagwarmaya ne. Da an rantsar da gwamna sai shugabanni su rabu biyu, masu cewa a kawo sauyi yanzu-yanzu ko da za a ɓata da kowa, da masu cewa a bi sannu, a bar ƙofar sulhu a buɗe. PRP ta Malam Aminu Kano ta ɗanɗana wannan tun tana 'yar shekara biyu.

A zaɓen 1979 jam'iyyar ta samu gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina. Da hawansu suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, suka sha ɗauri da bulala a kansa tun zamanin En'e. Talaka ya ga aiki a ƙasa. Amma kafin shekara ta zagayo, gida ya kama wuta.

Abin da ya jawo shi ne taron gwamnoni tara, biyar na UPN, biyu na GNPP, sai na PRP biyu, waɗanda suka haɗa kai don tunkarar gwamnatin NPN ta Shehu Shagari. Uwar jam'iyya, da Malam a matsayin shugaba da Sam Ikoku a matsayin sakatare, ta ga taron tamkar dandalin Awolowo ne, jagoran UPN, ta ce gwamnoninta su janye. Suka ƙi. A 1980 aka kore su. Su kuma suka ja tunga a bayan tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu, suka ce shugabannin ne suka saki layi, suna zawarcin NPN. Jama'a suka raɗa wa ɓangaren gwamnoni Santsi, na Malam kuma Taɓo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da Taɓo.

Kowane ɓangare yana da hujjar da za a saurara. Tsoron Malam na kada ƙaramar jam'iyya ta narke a cikin babbar tafiyar wani ba shirme ba ne. Gwamnonin ma ba su yi ƙarya ba da suka ce suna buƙatar abokan tsayawa, musamman Balarabe. Shi fa majalisar dokokin jiharsa 'yan NPN ne suka cika ta. Ya aika da sunayen kwamishinoni, an mayar masa, ya sake aikawa, an sake mayarwa, har ya shafe kusan shekara biyu yana mulki babu kwamishina ko ɗaya. A watan Yunin 1981 majalisar ta tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka yi wa haka a Najeriya. A lokacin da ya fi buƙatar jam'iyya a bayansa, takardar kora ce a hannunsa.

Ni a ganina nan babban laifin yake. Saɓani tsakanin masu zafi da masu sassauci ba cuta ba ne, duk jam'iyya mai rai tana da shi. Amma wanda hatimin jam'iyya ke hannunsa shi ya fi ɗaukar nauyi. Halartar taro ba ta kai laifin kora ba. Magana ce da za a kai gaban babban taro, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, wanda aka kayar ya haƙura. Na san akwai masu ganin faɗin haka kamar taɓa alfarmar Malam ne. Girman mutum ba ya hana a auna hukuncin da aka yanke da sunansa, kuma shi kansa a kan tambayar na sama ya yi renon mutanensa.

'Yan Santsi ma ba su fita ba. Sun mayar da duk wani sassauci cin amana, har bakin wasu magoya baya ya kai ga mutumin da ya koya musu siyasar, wanda bai tara komai ba a duniya. Mai zafin aƙida yakan manta cewa dattijon da ke ce masa ya dakata, sau da yawa ya riga shi shiga kurkuku.

Sauran labarin gajere ne. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983 ba a gama ɗinke ɓarakar ba. Rimi ya koma NPP, ya ajiye kujerarsa, ya tsaya takara, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi. Kaduna ta faɗa hannun NPN da Lawal Kaita. Wata uku bayan rantsuwa sojoji suka kwashe kowa da kowa.

Shugabannin jam'iyyun yau da suka iya rubuta takardar dakatarwa cikin dare, ku sake karanta tarihin PRP. Jihohi biyu ta shiga rikicin da su, ta fito da ɗaya.