Kiwon Lafiya: Idan Sukari Ya Faɗi A Gadon Asibiti

Galibin mutane idan aka ambaci ciwon sukari, abin da yakan zo musu a rai shi ne hawan sukari a cikin jini. Amma likitoci da nas-nas sun san cewa a gadon asibiti akwai wani haɗari wanda ya fi wannan gaggawa, wato faɗuwar sukari. Hawansa yakan ɗauki kwanaki, ko ma shekaru, kafin ya yi ɓarna, faɗuwarsa kuwa tana iya sumar da mutum cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, da sukarin da jini yake kawo mata take aiki.

Bisa ga ƙa'idar likitoci, idan na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70, ko kuwa ƙasa da 3.9 ga na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, to sukari ya faɗi. Idan ya sauka ƙasa da 54, wato 3.0, al'amari ya tsananta. Alamun farko su ne gumi mai sanyi, da makyarkyata, da bugun zuciya, da yunwa mai tsanani. In ba a yi wani abu ba, sai majinyaci ya rikice, ya riƙa sambatu ko faɗa ba dalili, daga nan sai jijjiga da suma. Sau da yawa 'yan'uwa sukan zaci cutar ce ta tsananta, ko kuwa shanyewar ɓarin jiki ce, alhali sukari ne ya yi ƙasa.

Babban abin da ke jawo wannan a asibiti shi ne saɓani tsakanin lokacin magani da lokacin abinci. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, ba su jiran kowa. Da zarar sun shiga jiki za su yi aikinsu, ko an ci ko ba a ci ba. A asibitocin ƙasar nan da dama kuwa, daga gida ake kawo wa majinyaci abinci. Sai a yi masa allura da sassafe, mai kawo koko ya makara a hanya. Ko kuma a hana shi ci tun dare saboda tiyata, sa'an nan a ɗage aikin ba a rage maganin ba. Haka nan mai amai, da wanda ciwo ya ɗauke masa sha'awar abinci, da tsohon da ƙodarsa ta yi rauni har magani yake daɗewa a jikinsa. Shi ma kwinin da akan ba mai zazzaɓin cizon sauro yana saukar da sukari.

A da, an yi zaton gwaninta ita ce a matse sukarin majinyaci ya koma daidai da na mai lafiya. Amma a shekarar 2009 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan da Kanada a kan majinyata fiye da 6,000 waɗanda ke cikin mawuyacin hali. An tarar cewa waɗanda aka matse wa sukari tsakanin 81 da 108 sun fi mutuwa a kan waɗanda aka sassauta wa zuwa 180, wato garin neman gira aka rasa ido. Saboda haka yanzu akan nemi riƙe sukarin yawancin masu tsananin ciwo tsakanin 140 da 180.

To, idan ya faɗi fa? Muddin majinyaci yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, sai a ba shi giram 15 zuwa 20 na sukari nan take, misali ƙaramin cokali uku ko huɗu a narke a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake awo. In bai haura 70 ba a maimaita, in an yi sau uku bai tashi ba a kira likita. Da ya farfaɗo kuma a bi shi da abinci mai riƙe ciki, kamar burodi ko tuwo, don kada ya koma gidan jiya.

Wanda ya suma kuwa, kada a kuskura a ɗura masa kome a baki, domin yana iya shaƙewa ya tafi huhu. Sai a kwantar da shi a gefensa, ma'aikata su sa masa ruwan gulukos ta jijiya, ko su yi masa allurar gulukagon miligiram 1 idan ba a samu jijiya ba. Wanda Daonil ta kayar yana bukatar sa ido na kwana guda ko fiye, don sukarinsa yakan sake faɗuwa. Kuma wajibi ne likita ya sake duba adadin maganin, amma ba a dakatar da insulin gaba ɗaya ba tare da izninsa ba.

A nan masu jinya suke da babban rabo. Ya kamata mai jinya ya tambayi lokacin allura, ya tabbata abinci yana kusa kafin a yi ta, ya gaya wa nas idan majinyaci ya bar kwanonsa bai taɓa ba, ya kuma ajiye ƙwayoyin sukari a gefen gado. Idan ya ga gumi ya jiƙa matashi da tsakar dare, kada kunya ta hana shi tada ma'aikaci a yi awo, domin sukari ba ya jiran gari ya waye.