Haddin Sata da Manufar Shari'a

Kowane hukunci yana da dalili, yana kuma da manufa. Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya bayyana cikin Muwafaƙat cewa shari'a tana kare addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bai yanke hannun ɓarawo ba a lokacin yunwar shekara ta 18, domin yunwa shubuha ce mai kau da haddi. Mu kuwa, tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, haddin muka fi yi wa kabbara. Muna kira ga alƙalanmu, kafin su hukunta ɓarawon saniya, su binciki ko zakka ta isa gidansa.